Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Stem Cell" Da Cutar MS Da Hausa?

1/
Assalamu alaikum jama'a. Yau da aiki na zo, kuma aikin namu ne gaba ɗaya. 'Yar yayata, mai shekara 26, ta dawo daga asibiti da takarda ɗauke da haruffa biyu, MS. Watannin baya idonta na hagu ya dushe kamar an watsa masa toka, ga ciwo in ta juya shi. Bayan sati uku ya washe, muka ce gajiya ce. Sai kuma ƙafa ta fara yi mata nauyi, tana jan ta in rana ta take. Likita ya yi mata bayani da Turanci ta fahimta, ni kuma aka ɗora mini nauyin fahimtar da Yaya. Na buɗe baki na tarar babu kalmomin. Kafin magariba kuwa wata maƙwabciya, da kyakkyawar niyya, ta shigo da fakitin wani gari ta ce wannan shi ne "stem cell" ɗin da Turawa ke warkar da cutar da shi, a dama a sha safe da yamma.

Abin da ya tayar da ni ke nan. Muddin kalmar tana nan a Turancinta, kowa na iya cusa mata ma'anar da ya ga dama ya sayar mana.

2/
Mu fara da abin da cutar ke ci, don sai an san shi sannan sunanta zai fito. Da yawa daga cikin zaruruwan da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da laka ba tsirara suke ba. Kowanne an naɗe shi da wani farin abu mai maiƙo, ninki a kan ninki, kuma naɗin ba a miƙe yake ba, gaɓa-gaɓa ne kamar rake. Saƙo yana tsalle ne daga gaɓa zuwa gaɓa, shi ya sa a zare mai naɗi yake iya yin mita 100 a daƙiƙa ɗaya, a maras naɗi kuwa da ƙyar ya wuce mita 2. Wannan naɗin shi ake kira myelin. A cutar MS garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita, ta dinga cin naɗin nan wuri-wuri, saƙo ya yi jinkiri ko ya ɓace a hanya.

3/
To me za mu kira naɗin? Wanda ya raɗa masa suna Bajamushen likita ne, Rudolf Virchow, a 1854, kuma daga kalmar Girkanci mai nufin ɓargo ya ciro shi. Mai bin asalin kalma zai ce shi ke nan, "ɓargon jijiya". Ina roƙon mu guje wa wannan, kuma dalilina mai ƙarfi ne. Maganin da za mu zo kansa a ƙasa mutanenmu sun riga sun san shi da "dashen ɓargo". Ranar da aka ce wa uwa ɓargon jijiyar 'yarta ya lalace, sannan aka ce akwai dashen ɓargo, lissafin da za ta yi a fili yake: a cire lalatacce a zuba sabo. Alhali ba haka aikin yake ba ko kusa.

Wani ɗan'uwa ya kawo mini "bargon jijiya", wato bargon rufa. Hoton ya yi kyau, sai dai yawancinmu a waya ba ma sa lanƙwasar harafi. Bargo da ɓargo za su zama abu ɗaya a rubuce, mu koma gidan jiya.

4/
Masu gyaran wuta za su ce robar waya, kuma wajen bayani babu misalin da ya fi shi saurin shiga kai. Amma misali daban, suna daban.

Ni "kube" na zaɓa. Kuben jijiya. Kowa ya san kuben wuƙa da na takobi: abu ne da aka ɗinka daidai jikin abin da yake karewa, yana iya tsufa, yana iya yagewa, ana iya ɗinka wani. Na san akwai inda bai dace ba, don wuƙa ana zare ta daga kube a yi aiki, jijiya kuwa a cikin kubenta take aiki. Na yarda da wannan. Sai dai gajeriyar kalma ce, ba ta karo da wani suna na asibiti, kuma tana haihuwar wasu kalmomin cikin sauƙi. Lalacewarsa sai mu ce "zaizayar kube", yadda ruwa ke zaizaye gini kaɗan-kaɗan. Gyaransa kuma "sake kube".

5/
Sunan cutar. Jean-Martin Charcot ne ya fara siffanta ta filla-filla a asibitin Salpêtrière na birnin Paris a 1868. Abin da ya gani a laka da ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ita tabo ne masu tauri a warwatse. Sunan da ya ba ta na Faransanci, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke gani a takardunsu da haruffan SEP, da na Turanci multiple sclerosis, da na Larabci attasallubul muta'addid, duk a kan taurin nan suka tsaya.

Idan muka bi su muka ce "taurin jijiya", Bahaushe zai ɗauka jijiyar wuya ce ta sanƙare, a nemo man zafi da mai tausa. Idan kuma muka ce "tabon ƙwaƙwalwa", to mun yi wa masu cutar babbar illa, don tsakaninsa da "taɓin ƙwaƙwalwa" harafi ɗaya ne da lanƙwasa. Yarinya budurwa a ce tana da wannan a unguwa, kun san abin da zai biyo baya. Wannan sunan kam a binne shi.

Shan inna na da mai shi, sanƙarau na da mai shi, shanyewar ɓarin jiki ma haka. Kada mu ara, don kowanne maganinsa daban.

6/
Abin da nake ba da shawara: "zaizayar kube mai tabo-tabo". Ƙarin nan na ƙarshe ba ado ba ne. Akwai wasu cututtukan da su ma kube suke ci, har da wata mai kama ido da laka da ake kira NMO, wadda ta fi yawa a baƙar fata fiye da Turawa, kuma wasu magungunan MS suna iya tsananta ta. Don haka "zaizayar kube" sunan dangi ne, "mai tabo-tabo" shi ne sunan yanka. A katin asibiti a bar MS ko SEP yadda suke, saboda mai ba da magani ya gane.

Kusan mutum miliyan 2.8 aka ƙiyasta suna da ita a duniya a 2020, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma tsakanin shekara 20 da 40 ta fi kamawa. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi. A wajenmu ba a cika jin ta ba, amma a tuna ba a tabbatar da ita sai da hoton MRI da likitan jijiya, biyun kuma sun yi mana ƙaranci. Iri biyu ne manya: "mai tashi da lafawa", wadda yawanci da ita ake farawa, da "mai ci sannu-sannu", wadda ba ta hutawa. Ku riƙe wannan rabe-raben, zai yi mana amfani.

7/
Yanzu uwa uba, stem cell. Na ga injin fassara ya ba da "ƙwayar kara". Wannan kuskure ne tsagwaron sa, babu ruwan abin da karan dawa. Kalmar ta samo asali ne daga Jamusanci, inda Ernst Haeckel ya yi amfani da ita a 1868 da ma'anar gindin bishiyar zuriya. Larabawa sun ɗauki gangar jikin bishiya, Faransawa sun ɗauki kututture, masu harshen Sifaniyanci kuwa suka ce uwa.

Me ke bambanta wannan ƙwayar halitta da sauran? Abu biyu. In ta rabu tana iya haifar da irin kanta, don haka ba ta ƙarewa. Tana kuma iya haifar da wasu iri masu aiki daban-daban. Wadda ke cikin ɓargo ita ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini, da farare masu yaƙi da cuta, da masu tsayar da zubar jini. James Till da Ernest McCulloch ne suka tabbatar da haka a jikin ɓeraye a Toronto a 1961.

8/
An kawo mini "ƙwayar tushe" da "ƙwayar asali" da "ƙwayar iri". Tushe bai yi laifi ba, amma bai nuna haihuwa. Asali zai rikice da ƙwayar gado, wadda dama muna fama da raba ta da ƙwayar halitta. Iri kuwa in ka shuka shi ya tafi, ba ya saura.

Ku dubi yadda ɗan kasuwa ke cewa "uwar kuɗi". Ita ce ke haifar da riba, ita kuma tana nan ba ta taɓu ba. Makiyayi ma yana da uwar garke. Wannan ita ce siffar abin da muke nema daidai wa daida, kuma tun kakanni muna da ita a baki. Don haka na tsaya a kan "uwar ƙwayar halitta", jam'inta "iyayen ƙwayoyin halitta".

Wata ma'aikaciyar jinya ta ja hankalina cewa in aka gajarta shi zuwa "uwar ƙwaya", kunnen matasa zai tafi ga ƙwayar maye. Gaskiyarta. Maganin wannan shi ne kada a bar ta ita kaɗai, a dinga faɗin ko uwar mece ce: uwar ƙwayar jini, uwar ƙwayar jijiya, uwar ƙwayar fata. Wannan ma riba ce, domin tilas mai talla ya amsa tambaya, uwar me kake sayarwa? Garin fakitin nan dai, in ka karanta jikinsa, daga tsiro aka ce an samo shi, irin su tuffa da inabi. Ƙwayar tsiro ba ta zama jinin mutum ko jijiyarsa, kuma duk abin da aka haɗiya ciki narkar da shi yake yi.

9/
Dashe. Nan ba mu da matsala da kalmar, manomin albasa da tumatir ya riga ya ba mu ita, kuma an saba da dashen ƙoda. Masu amosanin jini sun san dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Amma tsakanin na sikila da na MS akwai rata babba. Mai sikila a gadonsa matsalar take, a dashen da aka saba sai an samo iyayen ƙwayoyin jini daga wani, galibi ɗan'uwa shaƙiƙi da jininsu ya dace. Mai MS kuwa nasa ake ɗiba a mayar masa.

Kalma biyu ke nan muke buƙata. Tunda muna cewa gudummawar jini, na farko ya zama "dashen gudummawa". Na biyu "dashen mayarwa". Kada a ce "dashen kai", kunne zai ji wani abu daban.

10/
Bari in tsaya a kan yadda ake dashen mayarwa, don a nan ne na fi son kalmarmu ta faɗi gaskiya. Da farko ana ba majiyyaci allurar da ke koro iyayen ƙwayoyin jini daga ɓargo su shigo jijiyar jini. A sa na'ura ta tace su, a daskarar a ajiye. Daga nan a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, a rushe garkuwar jikinsa da gangan. Sai a narkar da ajiyar a mayar masa kamar ƙarin jini. Kwana 10 zuwa 14 yakan ɗauka kafin sabon jini ya fara tsirowa, kuma a kwanakin nan ƙaramar cuta na iya kashe shi, shi ya sa ake killace shi.

Manomi zai gane wannan nan take. Gona ce ciyawa ta cinye, ka ware irinka ka adana, ka cinna wa gonar wuta, ka dawo ka shuka. Ku lura, wutar ce ta kashe ciyawar. Irin da aka mayar aikinsa kawai kada gona ta zauna babu komai. Haka nan maganin mai ƙarfi shi ne ke tsayar da cutar, iyayen ƙwayoyin kuwa ceton majiyyaci suke yi daga maganin, su gina masa sabuwar garkuwa wadda ake fatan ta manta gabar da tsohuwar ke yi da kube. Ba sa tafiya ƙwaƙwalwa su zama jijiya. Ba sa ɗinka kube. Saboda haka in ana yi wa iyali bayani, ni na fi son a ce "sake garkuwa", a bar "dashen mayarwa" ga takarda.

11/
Yana aiki? A wurin wanda ya dace da shi, ƙwarai kuwa. A Tasalonika ta ƙasar Girka aka fara gwada shi kan masu MS a 1995. A shekarun farko kusan mutum 7 cikin 100 suna rasuwa saboda aikin kansa. Da aka sassauta magungunan aka kuma iya zaɓen majiyyata, a ƙwararrun cibiyoyi adadin ya sauko ƙasa da 1 cikin 100.

A Ottawa ta Kanada, Harold Atkins da Mark Freedman sun fitar da sakamako a 2016 kan mutum 24 masu zazzafar cuta da aka yi wa dashen da magani mai tsananin ƙarfi. Ɗaya ya rasu. Sauran 23 babu wanda cutarsa ta sake tashi a tsawon shekarun da aka bi su. A 2019 kuma Richard Burt na Shikago ya fitar da gwajin mutum 110 da aka raba gida biyu, rabi dashe rabi magungunan da aka saba. Waɗanda naƙasarsu ta ƙaru 3 ne a ɓangaren dashe, 34 a ɗaya ɓangaren, kuma ba a rasa rai ba. Sai dai wasu daga cikin magunguna mafi ƙarfi na yanzu ba su shiga wancan gwajin ba, shi ya sa aka shirya wasu gwaje-gwajen a Amurka da Ingila da Norwe don gwada dashe da su kai tsaye.

Wanda ya fi cin moriya shi ne mai ƙuruciya, mai irin nan mai tashi da lafawa, wanda cutar ba ta daɗe ba, yana iya takawa, kuma magani ya kasa riƙe ta. Wanda ya shekara goma a keke da mai ci sannu-sannu, ribarsa kaɗan ce, haɗarinsa ya fi yawa. Akwai kuma maganar da ba na so a ɓoye wa 'yan mata da iyayensu: aikin yana iya hana haihuwa, yana iya tsayar da al'ada da wuri.

12/
"Sake kube" fa? Wannan shi ne abin da kowace uwa ke nufi in ta ce warkewa, kuma shi ne har yau ba a kai gare shi ba. Jiki yana da dukawansa, wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa da laka da aikinsu ɗinka kube, ɗaya takan naɗe zaruruwa da dama. Akwai kuma 'yan koyo da ke zaune suna jira, in an yi ɓarna su girma su hau aiki. Kuben da suke sakewa ya fi na asali siranta, amma yana aiki. Matsalar ita ce da tsufa da yawan tashin cuta 'yan koyon sukan kasa zama gwanaye, zaren da ya daɗe tsirara kuma mutuwa yake yi, wanda ya mutu kuwa babu kuben da zai amfane shi.

Masu bincike neman abin da zai zaburar da 'yan koyon suke yi. A San Faransisko an gwada wani tsohon maganin ƙaiƙayi da atishawa, clemastine, kan mutum 50, aka fitar da sakamako a 2017. Saƙon ido zuwa ƙwaƙwalwa ya ƙara sauri da ƙasa da kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa. Na'ura ta gani, majiyyaci bai ji a jikinsa ba, amma ya nuna ƙofar tana buɗuwa. Wani maganin da kamfanin Biogen ya kashe kuɗi a kansa, opicinumab, bai cika alkawari ba, aka ajiye shi a 2020. A Kambirij ta Ingila ma an haɗa clemastine da metformin na masu ciwon suga an gwada. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya nufi kemis.

Su ma iyayen ƙwayoyin an gwada su da niyyar gyara. Wani irin da ake samu a ɓargo da kitse, wanda shi ne yawancin asibitocin kasuwa ke tallatawa, an gwada shi kan mutum 144 a ƙasashe da dama, sakamakon 2021 ya nuna bai cutar ba amma bai rage kumburin cutar ba. Iyayen ƙwayoyin jijiya kuma an sa wa mutum 12 a wani gwaji, 15 a wani, a Italiya, aka ba da rahoto a 2023. Matakin farko ne, na duba ko jiki zai karɓa lafiya.

13/
Da na zauna da Yaya daren jiya na ce mata: garkuwar jikin yarinyar nan ce ke zaizaye kuben jijiyoyinta. Akwai magungunan da ke riƙe garkuwar, da su za a fara. In sun kasa akwai sake garkuwa, mai tsada da haɗari, wanda ke tsayar da ɓarna. Sake kube kuwa ana kan nema. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko zafin rana na ƙara cin kuben, tunda da azahar ƙafar ta fi nauyi. Na ce mata zafi ba ya ƙara ɓarna, sai dai zaren da kubensa ya zaizaye yana ƙara kasa ɗaukar saƙo in jiki ya ɗumama, da ta huce sai ya dawo yadda yake. Da kalmar Turanci ba ta taɓa yi mini tambaya irin wannan ba.

14/
Saura kalma ɗaya da na yi ta amfani da ita a sama raina bai kwanta ba: jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran agara, da ita wasu ke kiran saiwar bishiya, da ita kuma muke kiran wannan zare mai ɗaukar saƙo. Ko a rubutun nan sai da na ce "jijiyar jini" a wuri ɗaya don in rabe. Na ji masu cewa "jijiyar laka", amma ta ido ba daga laka ta fito ba. Na ji "jijiyar ji", amma rabin aikinta umarnin motsi ne. Ni na fi karkata ga "jijiyar saƙo". Malaman Hausa, likitoci, mahauta da masu ɗori, musamman na Sakkwato da Katsina da Damagaram da Maraɗi, in akwai tsohuwar kalma a bakin dattawanku da ta ware farin zaren nan daga jijiyar jini, ku kawo ta nan mu gwada ta da "kube" mu ji ko sun zauna tare.